Ƙusar Bakin Ofis

Yayana yankan yadi ne sana'arsa, a wani kamfanin ɗinki da ke yi wa makarantu da asibitoci da otal-otal kayan aiki. Ya fi shekara talatin a wurin. In kana son halinsa a taƙaice, mutum ne da zai ga gidanka ya kama da wuta, ya kashe ta, ya share tokar, ya wuce abinsa kana ciki kana sharar barci. Da safe ka fito kana cika baki cewa kai gidanka bai taɓa gobara ba, ya ce maka haka ne. Wannan hali shi ya cinye shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Da babanmu ya rasu, shi ya bar makaranta don ni in ci gaba. Ya shiga kamfanin yana mai guga. Daga guga aka mai da shi kan sa maɓalli, daga maɓalli ya hau keken ɗinki, ya daɗe a kan keke kafin tsohon mai yanka ya ga hannunsa ya ja shi teburinsa. Dogon tebur ne da ya cinye rabin ɗakin, gefensa duk ya yi santsi don goga ciki. A nan Yaya ya tsaya, da alli a bayan kunne da tef a wuya. Ni kuwa na gama karatuna na samu aiki a asibiti, wurin ba da kati, na kuma ga yadda ake hawa a wurin aiki da idona. Wanda aka ji muryarsa shi ake tunawa ranar rabo.

A bangon da ke bakin ofishin mai kamfanin akwai wata doguwar ƙusa da ta yi tsatsa. Dokar wurin ita ce, duk rigar da aka ɓata a nan ake rataye ta, ta wuni, mai shiga da mai fita ya gani. Ba sai an faɗi mai laifi ba, don kowane ma'aikaci yana da launin zaren da ake yi masa alama da shi a cikin wuyan riga. Tun Yaya yana mai guga ya taɓa ƙona rigar likita, aka rataye ta da shatin dutsen guga raɗau a gadon baya. Tun daga nan ya tsani ƙusa. Ka shiga ɗakinsa ba za ka ga ko ɗaya a bango ba. A bayan kujera yake ajiye kayansa, matarsa ta yi mita har ta gaji ta zuba masa ido.

To, a tsarin aikin, duk abin da teloli suka ɗinka sai ya biyo ta teburin mai yanka ya gwada shi da awo kafin a kai guga. Nan Yaya yake ganin ɓarna: aljihu ya karkace, almakashi ya ci gefen wuya, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Abin da doka ta ce shi ne ya ɗauka ya kai ƙusa. Shi kuwa sai ya tura rigar ƙarƙashin tebur. In an tashi cin abincin rana kowa ya watse, sai ya jawo kwandon guntayen ƙyalle, ya warware ɗinkin, ya yanka sabon gefe, ya hau wani tsohon keke da ke kusurwa ya ɗinke, ya mayar cikin sauran. Abincinsa ya huce a kwano, wani lokaci haka zai dawo da shi gida.

Na ce masa, "Yaya, kai fa ba uwarsu ba ne. To ko kana faɗa musu?"

Ya ce, "In na faɗa wa mutum ai na rataye shi ke nan, ƙusar ce kawai babu."

"To a ina za su san darajarka?"

"Ke dai ci abincinki," in ji shi. Kullum nan maganar take ƙarewa.

Akwai wani da Yaya ya koya wa aiki tun bai san gaban yadi da bayansa ba, daga baya aka ba shi ƙaramin teburin yanka na ɗaya ɓangaren. Ma'aikata suna ce masa Ƙararrawa, kuma wallahi sunan ya bi jiki. Shi in ya ga zare ɗaya ya kauce, sai ya ɗaga rigar sama ya yi salati, ya taka har bakin ofis ya rataye, ya ƙwanƙwasa wa mai kamfani ƙofa. In mai gida ya fito, sai ya sauke rigar ya gyara a gabansa yana bayani. Ba zan yi masa ƙarya ba, ya iya aiki, ai hannun Yaya ya biyo. Amma aikin da Yaya zai yi goma a ɓoye, shi ɗaya zai yi duniya ta shaida.

Ana nan sai idon Yaya ya fara ja da baya. Ni na lura, don na ga yana kai allura har kan hancinsa kafin ya zura zare. Na ja shi wurin likitan ido a asibitinmu. Likita ya ce tabarau zai taimaka, amma abin da ya tafi ba zai dawo ba, kuma launuka masu kama da juna za su riƙa rikice masa. Muka fito, da muka kai bakin titi Yaya ya ce, "Mai yanka ba ido, ai ya zama kaya."

A daidai lokacin nan shugaban ma'aikata zai yi ritaya. Kujerar nan ba ta ido ba ce. Raba aiki ne, da sauraron masu kawo kwangila, da raba faɗan teloli. Kowa a kamfanin ya san in ana bin girma da daɗewa, ta Yaya ce. In ya same ta, zai ajiye almakashi da mutuncinsa ya ci gaba da aiki. In bai samu ba, to ranar da idon zai tona masa asiri kawai ake jira. Tsohon mai kamfani ya riga ya koma gida ya bar wa ɗansa, wanda Yaya ya sani tun yana wasa da guntayen ƙyalle a ƙarƙashin teburinsa. Na zauna wa Yaya a wuya, na ce ko ya shiga ya nema da bakinsa ko ni in je in nema masa. Tsoron bakina ya sa ya shiga.

Shi ya ba ni labarin yadda suka yi. Ya ce ɗan mai gida ya miƙe tsaye ya ba shi kujera, har da sa a kawo masa ruwan sanyi.

"Baba, ai kai ba a maganarka. Na tambayi mahaifina, ya ce tun da ka hau teburin nan bai taɓa jin matsala daga ɓangarenka ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe."

"To ka ga abin da nake dubawa ke nan. Allah ya haɗa ka da teloli masu kyau, ba ka saba da rigima ba. Kujerar nan kuwa rigima ce tun safe har yamma. Wancan ɓangaren kullum cikin matsala suke, kuma da idona nake ganin yadda mutuminka yake warware ta. Kai ka zauna inda ka fi ƙarfi. In na ɗauke ka daga tebur, wa zan sa?"

Na ce, "Sai ka ce masa me?"

"Na ce na gode."

"Ka gode! Yaya, ka gode da me? Ka buɗe baki ka ce masa teloli masu kyau ɗin nan kai ne! Ka ce masa shekara da shekaru ba ka ci abincin rana da zafi ba!"

Ya ce, "Sai in tsaya in lissafa masa su ɗaya bayan ɗaya? Akwai mai 'ya'ya bakwai a cikinsu." Na tashi na fita, don in na ƙara zama zan faɗi abin da ƙanwa ba ta faɗa wa yayanta.

Aka ba Ƙararrawa kujera. Ba a daɗe ba wani otal ya kawo aikin kwat-kwat na ma'aikatansa, shuɗi mai duhu. Bandir ɗin da Yaya ya yanka jikin rigunan ya ƙare, ya jawo wani daga ma'aji ya yanka hannuwan. A idonsa launi ɗaya ne. Ashe na biyun ya ɗan fi duhu, kusan baƙi. Teloli suka karɓa suka ɗinka. Kar ka ce mini ba wanda ya gani a cikinsu, mutum yana zaune da yadi a ƙarƙashin fitilar keke. Kowa ya ce ba aikinsa ba ne, shi abin da aka yanko masa ya haɗa.

Ranar da abin ya fito ina wurin, na je da rana in ɗauke shi mu koma wurin likita. Ina shiga na ga kwat a ƙusa, jiki shuɗi, hannuwa baƙi-baƙi, an juya wuyan waje yadda zaren alamar Yaya zai fito sosai. Yaya yana tsaye a teburinsa yana goge almakashi da ƙyalle, ya goge ya sake gogewa. Ƙararrawa ya zo ya gaishe ni har da rusunawa, ya ce, "Ki yi haƙuri, doka ce. Ko ni na yi sai an rataye." Ban ma kula shi ba.

Wanda ya ƙona mini rai wani tela ne mai furfura a gemu, wanda na san Yaya ya sha ambatonsa a kan karkatattun aljihuna. Yana cin abincinsa yana ce wa na kusa da shi, ba da mugunta ba ma, da tausayi: "Tsufa ke nan. Allah ya rufa mana asiri. Ni dai tun da nake a nan ban taɓa hawa ƙusa ba."

Na juya na buɗe baki. Yaya ya riƙe mini hannu, riƙon da tun ina yarinya bai yi mini irinsa ba. Ya ce, "Mu je, likita na jira."

Ƙarshen watan aka sallame shi, da kalamai masu daɗi da hoto a bakin ƙofa. Ɗan mai gida ya ce ya tafi da kwat ɗin, tun da otal ba za su karɓa ba. Kar ka ɗauka kamfani ya rushe bayansa. Ina! Ƙusa ta ɗan cika na wani lokaci, aka ce yadin yanzu ne ba shi da kyau, aka ci gaba da aiki. Har gobe ba wanda ya san abin da ake yi a kusurwar nan da rana.

Makon jiya na je gaishe shi. Matarsa ta tare ni a tsakar gida, ta nuna mini ɗakinsa da baki. Na shiga na tarar ya kafa ƙusa a bango, daidai saitin gadonsa, kwat ɗin nan na rataye. Na kai hannu zan fizge ta, ina cewa wannan wane irin cin rai ne.

Ya ce, "Bar ta, ƙanwata. Duk aikin da na yi a wurin nan, wannan kaɗai aka gani."