Layar Cikin Gwangwanin Biskit

Bayan shekarun da na ɓata ina karance-karance, ra'ayin da na tsaya a kai shi ne, tarihin 'yan Adam na gaskiya ba a ɗakunan ajiyar littattafai yake ba, ba kuma a bakin masu kirari ba. A cikin gwangwanin biskit yake, irin wanda tsofaffin mata ke tara maɓallai da zare da allura a ciki. Duk wata hijira da aka yi a duniya, duk wata soyayya da ta ƙetare teku, in ka bi sawunta da haƙuri a irin wannan gwangwani za ka tarar ta kwanta. Na faɗi haka ne da bakin wanda ya taɓa buɗe guda ɗaya a Riyadh, wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ko zan manta da sunan unguwarmu ba na jin zan manta da wannan yini.

A lokacin ina aikin rubuta wasiƙu da fassara a wani kamfanin duwatsun marmara da ke unguwar Sulay, can cikin rumbunan ajiyar kaya. Kafin nan shekara goma na yi ina koyar da adabi a wata sakandare a Zariya, har na gamsu cewa waƙa tana cika zuciya amma ba ta cika tukunya. Shugabanmu, wanda kowa ke kira mudir, Bature ne ɗan Italiya, ya haura sittin. Ranar da na fara aiki ya duba fasfona, ya dube ni, sai na ji ya ce, "Malam, ina gajiya? Ka ci ƙosai yau?"

Ashe a Jos aka haife shi. Mahaifinsa magini ne da ya baro wani ƙauye a kan duwatsun Italiya tun kafin mu sami 'yancin kai, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ikko, ya hau jirgin ƙasa zuwa Jos, ya shekara talatin yana gina gidaje da gadoji. Hausar mudir ta tsaya ne a inda yarintarsa ta tsaya. Ya san sunan duk wani abin ciye-ciye na bakin titi, ya san zagi kala-kala, amma da magana ta yi nauyi sai ya koma Turanci.

Wata rana ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya turo mini wani tulin takardu kamar mai miƙa jariri. Littafi ne ya rubuta, ƙagaggen labari a kan rayuwar mahaifinsa, yana so in duba masa wuraren da Hausawa suka yi magana a ciki.

Mako uku na yi ina karanta shi a lokacin hutun cin abinci, a zaune a bayan rumbu tsakanin faifan marmara masu sanyi. A gabana kwalta tana ta kawalwalniya saboda zafi, ni kuwa ina Jos. Ina ganin gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, ina jin ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, ina bin wani saurayi baƙo da ba ya jin harshen kowa, ya baro budurwarsa a ƙauye ta ƙi biyo shi. A babi na shida ya haɗu da wata Bahaushiya. Ita wannan baiwar Allah ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta da uwa balle ƙanwar uba mai sa ido. Aikinta kawai ta tsaya a gindin mangwaro tana kallon sama. A matsayina na tsohon malamin adabi na san ba a taɓa yin irin wannan mace ba a ƙasar Hausa. Amma in faɗi gaskiya, kafin babi na goma ni ma na fara sonta. In na rufe ido a motar komawa Nasim, unguwar da nake kwana, sai in gan ta tsaye a tsakiyar titi, motoci suna ratsa ta kamar hayaƙi.

A ƙarshen labarin budurwar Italiya ta sauya ra'ayi ta zo, aka ɗaura aure. Bahaushiyar kuma ta ɗaura wa saurayin laya a damtse, a ciki ta sa an rubuta masa waƙar bankwana, ta shige cikin duwatsu ba a ƙara ganinta ba.

A nan ne halin malanta ya motsa mini. Na zaro jan biro na rubuta a gefen shafin: "Malamai ba sa rubuta waƙa a laya. In ta soyayya ce, suna ake rubutawa, na mutum da na mahaifiyarsa: wane ɗan wance, wance 'yar wance." Har na ja layi biyu a ƙasa, kamar yadda nake yi wa 'yan aji uku.

Washegari mudir ya same ni a bayan rumbu, fuskarsa ta yi fari kamar marmarar da nake jingine da ita.

"Malam, kana nufin in an buɗe za a ga sunanta?"

"Sunan wa, ranka ya daɗe? Ai labari ne."

"Matar labari ce," ya ce. "Layar ba labari ba ce. Tana gidana."

Ya zauna a kan wani akwati ya ba ni sauran. Mahaifinsa ya rayu da laya a damtse har ya mutu, ko wanka ba ya cire ta. In an tambaye shi sai ya ce maganin maciji ne, kunnuwansa kuma su yi ja. Matan maƙwabta a Jos suka gaya wa mahaifiyar mudir cewa irin wannan ɗinki ba na maciji ba ne, wata ce ta riƙe mata miji. Ta gaskata. Ba ta yi faɗa ba, ba ta tafi ba, ta dai haɗiye. Da ya rasu a ƙauyensu ta kwance layar ta jefa a gwangwanin ɗinkinta, don a can babu mai karanta irin wannan rubutu. Yanzu ta haura casa'in, tana zaune da ɗanta a nan Riyadh, kuma ta bar wasiyya: in ta mutu a mayar da ita ƙauye, amma kada a sa ta a gurbin da aka bar mata kusa da mijinta. A kai ta can jikin katangar maƙabarta.

"Ni kaɗai suka haifa," in ji mudir. "In na raba su a ƙasa, wa zai sake haɗa su?"

Na gane so yake in je in buɗe layar in karanta. A ƙasar nan ba a wasa da maganar laya, mutum na iya rasa takardar zamansa a kan abin da bai kai haka ba. Ni kaina ban yarda da ita ba, na dai yi makarantar allo kafin boko, na iya ajami, shi ke nan. Amma jan birona ne ya tono maganar, ba ni da bakin zamewa.

Ranar Juma'a ya ɗauke ni a motarsa. Gari ya yi tsit irin na bayan sallah, shaguna a rufe, rana ta wanke komai har gine-gine suka zama kamar zane a kan takarda. A hanya na yanke wa kaina shawarar da har yau nake jin kunyarta: in na ga sunan wata Bahaushiya, zan ce tawada ta goge. Na ma shirya yadda zan girgiza kai.

Na tarar da tsohuwar a kujera kusa da taga, 'yar ƙarama kamar tsuntsuwa, an rufa mata bargo a ƙafa saboda sanyin na'ura. Na durƙusa na gaishe ta. Ta ƙare mini kallo, sannan ta yi magana da wata tsohuwar Hausa mai daɗi, irin ta kasuwa da bakin murhu, wadda ban ƙara jin irinta ba tun rasuwar kakata.

"Kai ne malamin? Ina gemun?"

"Yana hanya, Kaka."

"Ka ce masa ya yi sauri, ni ba ni da lokaci. Zauna, angona. An ba ka ruwa? Wannan yaron ba shi da tarbiyya, a Turai ya ƙarasa girma."

Mudir, mai ma'aikata sama da ɗari a ƙarƙashinsa, ya tashi sumui-sumui ya kawo ruwa, ya sauke labule. Ta jawo gwangwanin daga ƙarƙashin bargo. Da ta buɗe sai ɗakin ya cika da ƙamshin tsohon ƙarfe da kafur. Ta tona cikin maɓallai ta fito da layar: fata ce ja wadda zufa ta mayar baƙa, ta yi santsi kamar ƙwallon dabino.

Na ce, "Kaka, kin tabbata? Abin da aka buɗe ba ya komawa."

"Shekara hamsin ina kwana kusa da mutum da wata mace a damtsensa," ta ce. "A kabari ina so in miƙe ƙafa. Ka faɗa mini sunanta kawai. Ba zan zage ta ba, ai ta mutu. So nake in san da wa na yi zama."

Ta miƙo mini rezar ɗinkinta. Na bi zaren a hankali. A ciki akwai wani ƙyalle, a cikin ƙyallen takarda mai ninki takwas, ta yi launin shayi. Na warware ta a kan gwiwata. Tawadar ba ta goge ba ko kaɗan, ƙaryar da na shirya ta mutu tun ba a haife ta ba. A sama bisimilla ce, a tsakiya hatimi mai gidaje, a ƙasa layi huɗu na ajami da hannun malami mai natsuwa. Na fara karantawa a fili tun kafin idona ya kai ƙarshe, don kada in sami damar yin dabara.

Addu'a ce. Ana roƙon Allah ya karkato da zuciyar wance 'yar wance zuwa ga wane ɗan wance, ya sa ta ƙetaro ruwa lafiya, ya sa kada ta yi kuka in ta zo. Sunayen huɗu duk baƙi ne a bakina. Ka ga alamar malamin ya sha fama da su, ya bi su gaɓa-gaɓa kamar mai tsallaka rafi a kan duwatsu. Ni ma haka na bi su.

Da na furta na biyu, tsohuwar ta ɗaga hannu.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Uwata ke nan," ta ce a hankali. "Duk Jos babu wanda ya san sunanta sai shi."

Wani siririn haske ya ratso gefen labule ya kwanta a kan takardar. Ban san inda tsohuwar ta tafi ba, amma ba ta tare da mu. Idanunta a buɗe suke, leɓɓanta suna motsi, tana maimaita sunan. Ni kuma a raina sai na ga Bahaushiyar nan ta gindin mangwaro ta juyo ta dube ni, ta gyara mayafi, ta narke cikin hasken. A gurbinta na ga wani saurayi mai jajayen kunnuwa ya cire takalma a ƙofar zauren malam, ya zauna a kan buzu, yana ƙoƙarin koya wa dattijo sunan wata mata da ke bayan teku.

"To me ya hana shi faɗa?" in ji mudir.

Na ce, "Wasu malaman sukan ce in ka faɗa, ta karye. Wataƙila tsoro yake kada ta karye ki koma gida, Kaka."

"Wawa," ta ce. Ta share ido da gefen bargo. "Shekara hamsin. Wawa ɗan wawa." Sannan ta juya ga ɗanta ta yi masa magana da Italiyanci, gajeruwa, irin ta umarni. Ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da tafukansa. Daga baya a mota ya fassara mini: ta ce a sa ta kusa da shi, tana da maganar da za ta gaya masa.

Ta rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni, na raka mudir da gawar filin jirgin Sarki Khalid, kuma an sa ta inda ta ce.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, to balle wanda bai zama ba. Abin da na koya a ranar shi ne, wanda ya bar gida yakan yi ta ɗinke abubuwa a cikin fata yana ɗaurawa a damtse, tsoronsa da sonsa da kunyarsa, yana ganin shiru ne zai tsare masa su. Shi ya yi shiru don kada ya rasa ta, ita ta yi shiru don kada ta ji abin da take tsoro, suka kwana a kan ƙauna rabin ƙarni kowa na zaton babu. Abin da reza ta warware cikin minti ɗaya. Tun daga ranar, in wani abu ya tsaya mini a rai game da iyalina da ke Zariya, ba na jira ya yi tsatsa, waya nake ɗauka in tambaya.

Sai dai akwai saura. Da na tashi tafiya a wannan Juma'ar, kaina cike da gajimare, na durƙusa in yi mata sallama. Na ce, "Kaka, ni ban yarda da laya ba, amma wannan kam sai a ce ta yi aiki. Ga shi kin ƙi, kin ƙi, daga baya kin ƙetaro teku."

Ta mayar da murfin gwangwanin, ta danna shi da tafin hannu.

"Wace laya? Babu abinci ne a garinmu. Shi kuma ya rubuto ya ce a Jos kullum ana cin nama."