Neman Dokunu a Adabka

A Zangon Kumasi aka haife ni, can na yi karatu, can kuma na fara koyarwa. Wani ƙanen mahaifina mai fataucin goro ne ya ce wata makaranta a Gummi tana neman malamin Turanci. Na biyo motar goro gab da ƙarshen mulkin soja, muka kwana bisa kan iyaka har sau biyu kafin mu shigo Najeriya.

An sama mini shagon kwana a ƙofar gidan wani dattijo manomi. Matarsa kowa Inna yake ce mata, ni ma na bi sahu. Na zo da zaton ba zan sha wuyar harshe ba tunda Hausa na tashi da ita, sai na tarar tawa ta Zango ce, ba ta raba namiji da mace. Ranar da na ce wa maigidan "Inna ya dawo" ya daɗe yana dariya, daga nan unguwar ta sa mini Malam Ɗan Gana.

Kowace yamma Inna takan aiko mini da tuwon dawa da miyar kuka, da rana kuma in sayi fura wurin Fulani. Abincin bai taɓa ɓata mini ciki ba. Amma da na yi wata shida sai kwaɗayin dokunu ya kama ni, wato ƙullun masara mai tsami da ake naɗewa cikin ɓawonta a dafa, a ci da yaji da soyayyen kifi. Na sayi masara na jiƙa, na kai inji, na rufe ƙullun a roba na ajiye a zaure don ya yi tsami. Da na taso daga makaranta wata rana sai na iske robar a wanke, an kife ta.

"Malam, wanga ƙullu naka ya ɓaci," in ji Inna daga bayan ƙyaure. "Na ba awaki."

Na yi mata godiya.

Wani malami abokin aikina ne ya ba ni labarin wata tsohuwa 'yar Gana a Adabka, cikin ƙasar Bukkuyum, wadda ta biyo mijinta tun lokacin da aka kori baƙi daga Gana. Da aka yi hutun damina sai na shirya. Na shiga motar kasuwa har inda kwalta ta ƙare, daga nan na hau kabu-kabu. Hanyar duk taɓo ce, muna tafiya muna sauka muna tura babur. A bakin gulbi aka ɗora mu cikin jirgi, mu da babur da buhunan taki da wata mata mai kaji. Bayan la'asar muka isa.

Mijin nata ya tarbe ni a zaure. Tsohon falken shanu ne, idonsa ya fara rauni. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni bai yi mamaki ba, ya sa aka kira ta. Ta fito, gajeruwa, da zane a ka. Na gaishe ta da Tonanci, yaren mutanen Kumasi. Ta tsaya tana dubana, ta amsa da kalma biyu, sauran ta cika da Hausa irin ta Inna.

Ta ce dokunu sau ɗaya ta taɓa yin sa a garin, tana amarya. Mutanen gida suka ɗanɗana don kara, suka ture kwanon, ba ta sake ba. Sai ta shiga tambayata. Ta tambayi babbar kasuwa, ta tambayi jirgin ƙasa mai zuwa bakin teku, ta tambayi wani gidan mai burodi kusa da masallacin Zango. Yawancin abin da ta ambata ban taso na same shi ba, na kuma faɗa mata haka. Ba ta nuna damuwa ba. Ta ce iyayenta sun rasu tana nan, labari ne ya iske ta bayan shekara.

"To can wa gare ni yanzu?" ta ce, ta tashi ta shiga ɗora tukunyar tuwo.

Na kwana a zauren. Ruwa ya sauka, gulbi ya kawo, sai da na ƙara kwana. Tsohon ya yi ta ba ni labarin yadda suke kora shanu a ƙasa har Kumasi.

Bayan kaka wani mai kabu-kabu ya kawo mini ƙunshi daga wurin tsohuwar Adabka. Dokunu ne guda huɗu. Ya yi tauri, gishiri ya yi yawa, tsamin bai kama ba. Na sayo kifi a bakin tasha na ci biyu da rana, sauran washegari. Na aika mata da goro da sabulu ta hannun mutumin.

Ban sake zuwa Adabka ba. Da shekara ta zagayo na sami aiki a wata makaranta a Anka, na kwashe kayana a motar kasuwa na koma can.