Na Wanke Mashin ɗin Baba

Mahaifinmu ya rene mu a kan cewa kayan aro ba a mayar da shi da datti. Ko tabarma ka aro, sai ka kakkaɓe ta ka naɗe kafin ka miƙa wa mai ita. Na taso ina alfahari da wannan tarbiyya, har nakan yi wa masu mayar da kayan mutane buɗu-buɗu kallon waɗanda ba su sami horon gida ba. To ita ce ta kai ni ta baro.

Mashin ɗin da na ara na wani dattijo ne da muka yi aiki tare a masaƙa kafin a rufe ta. Shi ne shugaban sashenmu, mutumin kudancin jihar nan, kowa Baba yake ce masa, matarsa kuma Mama. Ni ina Unguwar Mu'azu, su suna unguwar Television, amma zumunci bai yanke ba. Da Kirsimeti Mama ta aiko mana da cincin, da Babbar Sallah in kai musu nama. Yadda Baba yake ji da mashin ɗin nan har ya zama abin tsokana. Kullum da safe kafin ya tayar da shi sai ya durƙusa ya shafa yatsa a jikin ƙarafunan nan biyu masu sheƙi da ke riƙe da tayar gaba, waɗanda bakanikai ke kira shoka, ya duba ko akwai maiƙo. Mukan ce masa, "Baba, ai ko likita ba ya duba mara lafiya haka."

Da damina ta yi tsakiya aka sa bikin ƙanwar matata, hidima ta faɗo kaina, na je na roƙe shi aron mashin na kwana uku. Bai yi musu ba. Ya miƙo mini makulli ya ce, "Malam, ka lallaɓa shi, tsoho ne kamar ni."

Ban lallaɓa shi ba, gaskiya ɗaya ce. Buhun shinkafa a baya, jarkar man gyaɗa a kan tanki, wani lokaci har da mutum a saman kayan, haka na yi ta zirga-zirga tsakanin kasuwa da gidan biki cikin ramuka da jar laka. Lakar ta bushe a jikin shokan, ko kallonta ban yi ba. A rana ta uku, ranar Asabar, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe, gaban mashin ya bugu har haƙorana suka haɗu. Da na tsaya sai na ga baƙin mai ya yi zobe a jikin ƙarfe ɗaya, yana gangarowa a hankali har wajen birkin gaba.

Na san abin da na gani, ba zan ce ban sani ba. Kunya ce ta kama ni. Mutum ya ba ka abinsa lafiya lau, ka koma ka ce masa ka ɓata? Na ce wa kaina ɗan yoyo ne, zai gani da kansa ya gyara. Sai na wuce wajen masu wankin mota, na tsaya a kansu suka wanke shi tas, suka goge shi har yana ɗaukar ido. Na cika tanki, na tuƙa shi a hankali da birkin baya kaɗai, na kai masa da la'asar. Baba ya zagaya shi yana murmushi ya ce, "Kai, Malam, ka mayar mini da shi amarya." Na yi dariya, na karɓi godiya, na kama hanyata.

Washegari Lahadi ya goya Mama za su coci a Sabon Tasha. Wani mai keke mai ƙafa uku ya shigo gabansu, Baba ya damƙe birkin gaba, birki bai kama ba. Shi ƙujewa kawai ya yi a gwiwar hannu. Mama ce ta karye a ƙugu, matar da take tuyar ƙosai a bakin layinsu tun kafin in yi aure.

Bayan kwana biyar na raka shi muka tura mashin ɗin wajen bakanikensa, wani mutumin Filato mai yawan bayani. Ya kwance gaban, ya zaro wata 'yar baƙar roba mai kama da zobe, ya ɗaga ta a rana.

"Baba, ga ta nan, sil ce ta tsage," in ji shi. "Ita ke tare man da ke cikin shoka. In ƙarfen nan yana da santsi, ana goge shi, sai ta yi shekara biyu, wata ma ta wuce. Amma in laka ta bushe a jiki, duk hawa da saukar da zai yi yashi yake tura mata, yana yanka ta kamar reza. Tsatsa ma haka. Sai kuma lodi, oga, lodi da rami." Ya buɗe birkin ya nuna mana fatarsa ta jiƙe sharkaf da mai. "Wannan ba yoyon awa ɗaya ba ne. Kai da kake dubawa kullum, yaya aka yi ba ka gani ba?"

Ina tsaye a gefe ina jin komai. Da aka ambaci lodi ko kallona Baba bai yi ba, don a wurinsa wanda ya ba da aro ya san za a yi aiki da abinsa. Ya dubi bakaniken ya ce, "Ranar ban duba ba. Na ga yana ƙyalli, na ce me zan duba? Ni na karya matata."

Ga baki ina da shi, amma na bar shi ya ɗora wa kansa laifin.

Wata huɗu na yi ina ɗauke da wannan magana. Na zama ni ne mai kai Mama asibiti duk ranar da za a duba ta, in nemo keke mai ƙafa uku, in riƙe ta ta shiga, in riƙe ta ta fito. Ta daina ce mini Malam, ta koma ce mini ɗana. Baba kuwa ya jingine mashin a lungu ya rufe shi da buhu, ya rage cin abinci, wuyansa ya yi tsawo. Duk wanda ya zo gaisuwa ya ce masa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sai ya girgiza kai ya ce sakacinsa ne. Da na gaya wa matata sai ta riƙe baki, ta ce in bar kaza cikin gashinta, tunda faɗar ba za ta ɗora ƙashi ba. Na so in bi shawararta. Amma kullum na ga tsohon nan yana zargin kansa da laifina, sai in ji na tsani kaina.

Wata rana da hantsi na same shi a ƙofar gida shi kaɗai, na zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, na faɗa masa komai: ramin, man da na gani, wankin, har da birkin baya da na yi ta takawa a hanyar kawo masa. Ban ɗaga kaina ba har na gama.

"Ka gani?" ya tambaye ni.

"Na gani, Baba."

"Kuma ka wanke."

Na ce eh. Na zaci zai zage ni ko ya kore ni, kuma da ya yi hakan da na ji sauƙi. Sai kawai ya ce, "Kada Mama ta ji. Kullum tana sa ka a addu'a, ba zan raba ta da wannan ba. Ranar Talata ka zo ka kai ta asibiti kamar yadda ka saba."

Na je ranar Talata, kuma har yau ina zuwa. Mama tana tafiya da sanda yanzu, ba ta koma bakin kaskonta ba. In na yi sallama takan ɗaga murya daga ɗaki ta ce, "Ɗana ne? Shigo, Ubangiji ya yi maka albarka." Ni kuma in ce amin. Baba yakan amsa gaisuwata a taƙaice, ya ɗauki hularsa ya fita, ba ya dawowa sai na tafi.