Takobin da Aka Yi wa Fenti Gefe Ɗaya

Mutanen da maganar nan ta shafa biyar ne: Kafinta, wanda muke kira Mai Awo, dominsa kuma na ɗauki alƙalami; ƙanwata, matar marigayi ɗan wasan fim; Manajan gidan nuna tsofaffin kayan fim; wani dillali; da wani mai walda. Ni shaida ne kurum.

Shekara talatin da takwas Mai Awo yana buɗe rumfarsa da sassafe, ya share garin katako, ya rataya tef a wuya, ya soke fensir a bayan kunne. Ƙofar kurkuku, akwatin dukiya, sandar makaho, duk da hannunsa ya sassaƙa wa masu fim, amma ko sau ɗaya ba su rubuta sunansa a ƙarshen fim ba. Watan jiya ya ajiye zarto saboda ido ya yi rauni, babu wanda ya zo ko da sannu.

Bara ne gidan nuna kaya ya sa wani takobin ƙarfe mai walƙiya cikin gilashi, aka rubuta cewa shi ne wanda marigayi ya riƙe a fim ɗinsa na ƙarshe. Ƙanwata ta je ta ce musu ba shi ba ne, na gaskiyar yana wurinta. Ta kwance zanen da ta naɗo shi a ciki ta nuna musu takobin katako, mai fenti gefe ɗaya, wanda ta daɗe tana sharar yanar gizo da shi. Manaja ya yi dariya a gaban 'yan kallo, ya ce, "Inna, ki mayar wa jikokinki abin wasansu." Aka raka ta bakin ƙofa. Mako biyu ba ta leƙa ko ƙofar gida ba, domin magana ta bazu cewa tsohuwa ta je damfara da sunan mijinta.

Da labari ya kai wa Mai Awo, ya jefar da fensir, ya nufi gidan ƙanwata.

"Ƙarfe? Mutumin da kafaɗarsa ta goce, ko butar ruwa ba ya ɗagawa sama da ƙirji? Matar yaya, share hawayenki. Ni na fere abin nan."

Ya je wurin Manaja, aka nuna masa takarda mai hatimi. Ya tambayi wanda ya buga hatimin, aka ce dillali. Sau huɗu yana zuwa shagon dillali ana cewa ya fita, alhali takalmansa suna bakin ƙofa. A na biyar Mai Awo ya zauna a kan takalman har azahar. Dillali ya fito yana muzurai, ya ce a wurin wani mai walda ya samo.

Mai walda kuwa bai ɓoye komai ba. "Baba, ni na ƙera shi. Hoton fim na kalla na kwaikwaya, don ado a shagon aski. Guda shida na yi. Wa ya ce na marigayi ne?"

Mai Awo ya tasa shi gaba har ofishin Manaja. Kuna tsammanin magana ta ƙare? Ina! Manaja ya ce shi takarda ya sani.

"To, ɗana," in ji Mai Awo, "a fim ɗin nan marigayi ya ɗaga takobi sama yana jawabi, bai sauke ba sai da ya gama. Kai da kake da ƙuruciya, ɗaga naka da hannu ɗaya mu kunna wurin."

Aka kunna. Jawabi bai kai rabi ba hannun Manaja ya fara rawa, takobi ya sauko ya fasa masa kofin shayi.

Mai Awo ya ce, "Yanzu dubi fim ɗin da kyau. Ka taɓa ganin ya juya takobin? Fenti ne ya ƙare mana ran nan, mai fim ya ce ba zai jira ba. Na ce wa marigayi, yaya, kada ka kuskura ka juya hannu. Shi ya sa ya tsaya ƙiƙam, ku kuma kuka ce jarumta ce."

Mai Awo bai bar ofishin ba sai da Manaja ya yarda zai ba ƙanwata haƙuri a bakin ƙofar da aka kore ta, a gaban jama'a. Ya kuwa bayar. Amma ku ji wani abin takaici: da aka zo sa na katakon cikin gilashi, sai ya ja Mai Awo gefe ya ce, "Baba, ko za ka ƙarasa mana fentin? Ya fi kyan gani."

"Ka ga, rabu da ni, kada ka sa hawan jinina ya tashi," in ji Mai Awo. Da hannunsa ya kwantar da takobin, gefen da ba fenti yana kallon mutane.

Kai ne, Mai Awo, mai auna sau biyu kafin ka yanka. Kai ne ka mayar wa ƙanwata da mutuncinta, kuma da ka ga ta rasa abin sharar yana, ka fere mata sanda doguwa ka kai mata har gida. Har yau takardar da ke jikin gilashin ba ta ambace ka ba. Na kai ƙorafi sau uku, kullum sai a ce ana dubawa. Shi ya sa na rubuta a nan. Mun gode, Allah ya ƙara wa idonka haske. Ku kuma masu tasowa, kafin ku gaskata hatimi, ku nemi hannun da ya yi aikin tun yana raye.

Da furfura na koyi rubutu. Wanda ya ga kuskure ya gyara mini, amma batun fenti kada kowa ya taɓa, domin ni na riƙe gwangwanin ran da ya ƙare.