Jelani Masassaƙi da Gawon Lahodu

A ranin shekarar 1937 Jelani ya fara saduwa da Mode. Daminar da ta gabata ruwan gulbin Rima ya cika har ya raba mutanen Lahodu da gonakinsu na fadama, shi ya sa suka aika Goronyo a kira musu masassaƙi ya yi musu jirgi. Jelani ne ya zo, saurayi mai ƙarfin hannu, da gatari da gizago a kafaɗa. Manyan itatuwan da suka isa jirgi kuwa duk suna cikin gandun daji, inda hukuma ta hana sara. Ɗaya kaɗai ya rage a waje, gawon da ke bayan gidan wani manomi, Mode.

A kan gawon nan shamuwa ke sauka kowace bazara tun Mode yana yaro, kuma ba ya fitar da irin gero sai ya ga sun gama gyaran sheƙa. Jelani ya ɗaga kai ya ga sheƙunan, ya tuna mahaifinsa ya hana shi saran icen da ke da masu gida. Ya ajiye gatari.

"Sara, ɗana," in ji Mode. "Masu gidan sun yi tahiya. Mu da ka nan, mu ka bukatar ƙetare gulbi."

Aka sara, aka yi jirgi, gari ya amfana. Da bazara shamuwa suka zo, suka yi ta kewaya kututturen, sannan suka nufi wajen Rabah. A shekarar Mode sai da ya ga maƙwabta sun fita shuka sannan ya bi su, kamar baƙo a gonarsa. Bai yi wa kowa ƙorafi ba. Amma Jelani, da ya dawo toshe wata ɓaraka a jirgin, ya lura duk hirar da suka yi idon dattijon yana sama, inda babu komai.

Sai ya yi gaggawa irin ta yaro. Ya kawo reshen ɓaure ya dasa a bayan gidan, don ɓaure yana saurin girma. Cikin 'yan shekaru ya yi inuwa, ya yi 'ya'ya, baƙi kuma suka zo, amma ba waɗanda ake jira ba.

"Kai Jelani, mi muka yi maka?" in ji Turai, matar Mode. "Mun ba ka shamuwa, ka maido muna da jemagu. Ko shanya ban iya yi tsakar gida."

Mode ya yi dariya har ya ƙware. Jelani kuwa kunya ta kama shi, daga nan ya fara duban itace da wani ido. A yawon sana'arsa ya ga biri yana kwana kusa da kanya, zuma tana neman kogon kuka. Shamuwar Lahodu ita ma da dalilinta: gawo yana zubar da ganye daidai lokacin da sauran itatuwa ke rufewa, sai tsuntsu mai dogon fiffike ya sami wurin sauka, ya kuma hangi ko'ina. Ɓaure duhu gare shi, duhu kuwa na jemage ne.

Ƙwayar gawo ba ta cika tsira ba sai ta bi ta cikin dabba. Jelani ya je inda awaki ke cin 'ya'yan gawo, ya ƙullo kashinsu a tsumma, ya binne kusa da tsohon kututturen, ya kewaye da ƙayar magarya. Bai gaya wa kowa ba. Kowace shekara yakan zo, wai duba turmin Turai.

"Turmin ga lahiya lau shike," takan ce. "Kwaɗayin hurata dai ka kawo ka."

Yakan sha furar, ya zaga baya ya sabunta ƙaya, ya rage rassan ƙasa don icen ya miƙe. Sau ɗaya awaki suka karya shingen suka cinye kan tsiron, ya sake tohowa. Jelani ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, furfura ta fara masa. Mode kuwa idanunsa suka yi ta dushewa har suka tafi, Jelani ya shiga tsoron kada icen ya makara.

A bazarar 1956, da hantsi, Mode yana zaune a tabarma, Jelani yana gefe yana fere taɓarya, sai aka ji fiffike mai nauyi a bayan gida, da ƙarar karan da ake jerawa.

"Turai, mi nika ji?"

Turai ta leƙa, ta daɗe ba ta juyo ba. "Baƙinka na, Malam. Su biyu, bisa gawo."

Dattijon ya karkata kunne. Can ya ce a duba masa irin gero a rumbu, a shirya.

Jelani bai ɗaga kai daga taɓaryar ba sai da ya gama ta sumul. Ya jingine ta a jikin turmi, ya sha furarsa, ya saɓa gizago, ya kama hanyar Goronyo tun hadari bai haɗu ba.