Baba Tif, Mai Kula da Takardunmu

Da hantsin ranar Talata, sha huɗu ga watan Mayu, babbar 'yarka ta kira ni ta ce rai ya yi halinsa. Na san jikin ya yi tsanani, amma sai da na ce ta maimaita. Allah ne Ya ba mu kai, kuma gare Shi dukkanmu muka nufa.

Shekara goma sha ɗaya muka yi tare a masana'antar kayan katako, kai kana kula da takardu, ni ina sakatariya. Sunan Baba Tif kuwa ni na jawo maka shi. Lokacin da manaja ya ce a ɗauki hoton takardun kamfani da sikana a ajiye a intanet, na ce mu yi su a tsarin hoto na JPEG, tunda ba shi da nauyi, mu gama cikin mako guda mu huta. Ka kira ni gaban kwamfuta, ka buɗe takarda ɗaya iri biyu, ta JPEG da ta tsarin TIFF mai nauyi, kana ƙara musu girma. A ta JPEG hatimi ya dagule, ƙananan rubutu suka cakuɗe. A ta TIFF har inda biro ya ɗiga ana gani. Ka ce, "'Yata, wancan yana zubar da wani abu ne don ya yi sauƙi, kuma ba zai gaya miki abin da ya zubar ba."

Muka tsayar da magana: asali a TIFF, na turawa mutane a PDF. Wata huɗu aikin ya ci. Na yi ta ƙunƙuni har kafintoci suka ji, suka laƙaba maka sunan, ka karɓe shi da dariya.

Bayan shekara uku bututun ruwa ya fashe a saman ɗakin ajiya, ya lalata akwati shida, har da yarjejeniyar filin da masana'antar take kai. Ba a daɗe ba magadan mai filin suka zo da kwafinsu da ya koɗe, suka ce wa'adin shekara ashirin ne, ya cika, mu tashi. Mutum arba'in ke ci da iyalansu daga wurin. Ka sauko da hoton, ka faɗaɗa shi a gaban kowa: shekara hamsin, ga sa hannun mahaifinsu raɗau. Babbansu ya daɗe yana kallon rubutun uban nasa, sannan ya roƙe ka ka buga masa ɗaya ya tafi da ita gida. Har ka koma ga Allah ba ka taɓa yi mini gori ba.

Lokacin hutun rana, ma'aikata kan kawo maka takardun makarantar 'ya'yansu da na haihuwa, ka ɗauki hotonsu ka adana musu, shayinka na hucewa. Da ciwo ya fara kama ka, ka zaunar da mu uku ka koya mana aikin daki-daki, ka hana mu kallon ka da tausayi. Jiya sabon lasisin kamfani ya iso, muka ajiye shi yadda ka koyar, babu wanda ya tsaya tambaya.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da 'ya'yanka biyar, da jikoki. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya albarkaci bayansa. Kai kuma Baba, Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka, Ya ba ka littafinka a hannun dama.