Kawu Sule da Ƙarfensa na Mambila

Duk wanda ya zauna da Kawu Sule a Dubai, ko na yini ɗaya ne, ya san ba ya shiga lif. Hawa na goma sha ɗaya muke a unguwar Al Ras, amma wannan ƙanin mahaifiyar tawa, dattijo mai ciwon gwiwa, sai ya naɗe ƙafar wando ya kama matakala. Mu iso, mu ci abinci, mu wanke hannu, sannan a ji shi yana buga ƙofa yana haki.

"Kawu, wai me lif ya tsare maka?"

"Tsayin da aka kai ka da danna maɓalli ba naka ba ne, aro ne."

Kun ji fa! Duk wannan izzar a kan ƙarfe ɗaya ce. Shekara ashirin da wani abu ya yi yana aiki a gindin wani dogon ƙarfen rediyo da talabijin a tudun Mambila, inda babu komai sai ciyawa da shanu da sanyi. Shi ne mai hawa ya ɗaure noti, ya canza jan ƙwan fitilar da ke can ƙoli don kada jirgi ya yi karo. Wane jirgi, don Allah? Amma in yana ba da labari, ka rantse shi ya tokare sama kada ta faɗo. Da ya yi ritaya na kawo shi a duba gwiwar, ya zauna yana kula min da sito a Murshid Bazaar. Da na san da ƙarfen zai taho a baki, da na bar su tare.

Na ce bari in kashe bakinsa. Na kai shi dogon benen nan da duk duniya ke zuwa ɗaukar hoto. Nan kam dole ya shiga lif, ya rufe ido kamar mai shan maɗaci. Da muka isa sama, jama'a na ta salati, shi kuwa ya ƙwanƙwasa gilashin da yatsa, ya juya ga ma'aikacin wurin.

"Habibi, ka taɓa hawa ta waje?"

Mutumin ya ce a'a.

"Iska ta taɓa cire maka hula a nan?"

A'a.

"To khalas, magana ta ƙare. Ɗaki ne kawai aka ɗora a kan ɗaki." Ya dube ni ya ce, "Wannan ka kawo ni in gani? Ni fa gajimare ta ƙarƙashin ƙafata yake wucewa."

Abin da ya fi ƙona min rai rediyonsa ce. Wata tsohuwa, an ɗaure murfin batirinta da roba. Kullum bayan la'asar sai ya hau rufin benenmu da ita, ya zare eriya, ya fuskanci yamma, yana murɗawa. Wai tasharsa yake nema. Daga Mambila! Ba abin da ke fitowa sai shuuu da waƙar Indiya. Na ce, "Kawu, ga ta nan a waya, tar kamar kana Gembu." Ya ture hannuna.

"Wannan muryar ba ta bi ta ƙarfena ba. Ban san ta ba."

Kuma da ya tsaya a rediyon da sauƙi. Yana can sama ya ga farantan tauraron ɗan'adam na maƙwabta, ya ce duk an ɗaure su ɗaurin ganin dama. Ya ciro sifana daga aljihu, ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Ranar ana wasan kurket na ƙarshe, bene cike da 'yan Indiya da 'yan Pakistan. Inna lillahi! Mutanen da ba sa haɗuwa a kan komai, ranar suka haɗu a ƙofata. Na ba da haƙuri har bakina ya bushe. Shi kuwa yana zaune yana shan shayi ya ce, "Hoto ya tafi, na yarda. Amma su je su girgiza, ko guda ba ya motsi."

Da ciwon ƙarshe ya kwantar da shi a asibiti, rediyon tana gefen filo. Ba rufi, ba matakala, sai ya riƙa murɗa ta yana kallon bango. Likita ya gaya min kwanaki ne. Gaskiya abin ya tsaya min a rai: shekara huɗu ina yi masa dariya, ga shi zai tafi bai ji abin da yake nema ba.

Da ya yi barcin rana na kamo tashar a wayata, na cusa ta ƙarƙashin filo daidai bayan rediyon, na rage murya. Ya farka ana sanarwar cigiyar shanu. Na ce, "Kawu! Ta kama! Wallahi ta kama!"

Ya saurara, ya daɗe. Na ga hawaye ya gangaro masa zuwa kunne. Sannan ya ce, ko kallona bai yi ba:

"Kai dai jaki ne. Ƙarfen da ko Jalingo ba ya kaiwa sai da kyar, shi zai haye teku? Ni na ɗaure shi, na san iyakarsa."

"To Kawu, me kake hawa nema kullum?"

"Iska. A garin nan naku, can ne kawai take taɓa mutum."

Kunya ta kama ni, na miƙa hannu zan zare wayar. Ya dafe filon.

"Bar ta. A ji ko an ga shanun."

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya yafe masa, ya yafe min dariyar da na yi. Allah ya ɗaukaka darajarsa can inda babu mai hawa sai da rahama. Amin.